Auna Zaizayar Gaɓar Teku da Hasken Leza Daga Cikin Jirgin Ruwa: Abin da Gaɓar Normandi Ta Nuna

A yankin Normandi na arewacin Faransa, daga tashar jiragen ruwa ta Le Havre zuwa garin Le Tréport, ƙasa ba ta gangarowa a hankali ta haɗu da teku yadda aka saba gani a gaɓar rairayi. Tana zuwa ne a shimfiɗe, da gonaki da makiyaya da gidaje a kanta, sai kawai ta yanke tsaye kamar an sa wuƙa, ta bar farin bangon alli wanda tsayinsa a wasu wurare ya haura mita 100. Tsawon wannan bango ya kai kimanin kilomita 130, kuma babu shekarar da wani sashe nasa ba ya zubewa cikin ruwan da ya raba Faransa da Ingila. Masanan da suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga sama tun shekarun 1960 da na baya-bayan nan sun ƙiyasta cewa, a matsakaicin lissafi, bakin gaɓar yana ja da baya da santimita 15 zuwa 20 a shekara, wato abin da bai wuce taƙi ɗaya ba.

Wannan adadi gaskiya ne, amma yana iya yaudarar mai gida. Wanda gidansa ke nesa da bakin gaɓa da mita 10 zai yi lissafi ya ga yana da sauran shekara 50, alhali bangon alli ba ya ja da baya taƙi-taƙi. Yana iya tsayawa shekara 49 ko gezau, a ta hamsin ya zubar da mita goman nan duka a dare ɗaya, kuma matsakaicin lissafin ya fito daidai ba tare da ya amfani mai gidan da komai ba. Saboda haka tambayar da ta fi damun hukumomin garuruwan da ke kan wannan gaɓa ita ce a ina bangon yake raunana yanzu, kuma da wane irin sauri. Amsar wannan tambaya tana jikin fuskar bangon, wadda take kallon teku, kuma ita ce wurin da ya fi kowane wuyar gani.

Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san yadda katanga take mutuwa. Ko dai ruwan damina ya riƙa cin gindinta har ta rasa abin tsayawa, ko kuwa indararo ya toshe ruwa ya riƙa shiga ta kai har cikinta ya jiƙe ta tsage. Bangon allin Normandi yana fama da duka biyun. Daga sama, ruwan sama yana bin tsagogin dutsen yana narkar da shi, idan hunturu ya zo kuma ruwan ya daskare a cikin tsagar ya ƙara buɗa ta. Daga ƙasa, igiyar ruwa tana jifan gindin bangon da tsakuwa tana rarake shi. Tsakuwar nan, wadda asalinta dutsen ƙyastu ne da ke jere a cikin allin, ita ce kuma garkuwar bangon idan ta taru da yawa, sai dai an shafe shekaru masu yawa ana kwasarta domin masana'antu kafin a hana, sannan katangun da aka gina cikin ruwa a tashoshin Fécamp da Dieppe da tashoshin lantarki na nukiliya na Paluel da Penly suna tare tafiyarta a gefen gaɓa, wani wuri ta cunkushe, wani wuri gindin bango ya zauna tsirara.

Hoton da aka ɗauka daga jirgin sama yana nuna layin bakin gaɓa ne kawai. Ko da jirgin yana ɗauke da na'urar awo da leza, wato siririn haske mai tafiya a miƙe, daga sama yake kallo, kuma bango mai tsaye ba ya nuna wa na sama fuskarsa, balle ramin da igiya ta rarake a gindinsa ko ɓangaren da ya turo gaba ya rufe na ƙarƙashinsa. Akwai kuma hanyar kafa na'urar a kan ƙafafu uku a gindin bango, kuma ita ce ta fi kowace daidaito, amma wahalarta ba kaɗan ba ce. A Dieppe, bambancin cikar teku da janyewarta yakan haura mita 8 a lokacin babbar cika, don haka mai awo yana da 'yan sa'o'i ne kawai da zai ɗauko kaya masu nauyi ya taka dutse mai santsi da gansakuka, ya auna 'yan ɗaruruwan mitoci, ya tattara ya fita kafin ruwa ya rufe masa hanya, ga kuma bangon da yake aunawa yana iya jefo masa dutse a kowane lokaci. Da irin wannan tafiya, auna kilomita 130 aiki ne da ba ya ƙarewa. Daga nan tunanin ɗora na'urar a kan jirgin ruwa ya samo asali: jirgin yana tsaye a inda fuskar bangon take kallo, kuma yana iya bin kilomitoci masu yawa a fita guda.

Na'urar, wadda masana ke kira laida, aikinta a asali mai sauƙin fahimta ne. Tana harba ɗan gajeren hasken leza, hasken ya bugi dutse ya dawo, ita kuma ta auna lokacin da ya ɗauka. Tun da haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, bangon da ke nesa da mita 300 zai maido da hasken cikin kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa a agogon na'urar yana nufin kuskuren santimita 15 a awo. Wani madubi a ciki yana juya hasken daga gindin bango zuwa samansa, tafiyar jirgin kuma tana matsar da layin gaba, ta haka dubban harbi a kowace daƙiƙa suke share fuskar bangon layi bayan layi. Wanda ke zaune gaban kwamfuta a cikin jirgin yana ganin bangon yana fitowa a allo kamar zane a kan masaƙa, zare bayan zare, da layukan ƙyastu da bakin koguna da tarin ɓaraguzan da suka zubo. Abin da ake samu a ƙarshe tarin ɗigo ne, miliyoyi, kowane ɗigo da matsayinsa na gabas da arewa da tsayi. A cikinsu har da ɗigon da ba na dutse ba: tsuntsayen teku da suka gifta, da feshin igiya, da ciyawar da ta tsiro a jikin bango, waɗanda dole a zauna a tsince su a fitar.

Wahalar gaskiya tana wajen sanin inda na'urar kanta take, da inda ta dosa, a daidai lokacin kowane harbi. Na'urar da aka kafa a ƙasa ba ta motsi, amma jirgin ruwa ba ya daina tangaɗi: yana karkata dama da hagu, goshinsa yana ɗagawa yana sauka, yana kauce wa hanya yana dawowa. Saboda haka ana haɗa laidar da wasu na'urori biyu. Ta farko mai karɓar saƙon taurarin ɗan'adam ce irin ta GPS, wadda ake gyara lissafinta da wata tasha da aka kafa a tudu a wurin da aka san matsayinsa, har a iya sanin inda jirgin yake da bambancin 'yan santimitoci. Ta biyu kuwa ma'aunin tangaɗi ce, wadda take rubuta kowace karkata da kowane juyi na jirgin sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Dole agogon na'urorin uku su zama ɗaya, dole kuma a san tazarar da ke tsakaninsu a jikin jirgin da kusurwar da aka ɗaure kowace, domin ƙaramin kuskure a nan yana girma da nisa. Idan ma'aunin tangaɗi ya kuskure da kashi ɗaya cikin goma na digiri, abin da ido ba zai gani ba, ɗigon da ya sauka a bango mai nisan mita 300 zai kauce daga gurbinsa da kusan rabin mita, wato fiye da zaizayar shekara biyu a matsakaicin lissafin gaɓar.

Ya kamata a dakata a kan wannan, domin a nan ne ake iya ruɗar wanda ba ya cikin sana'ar. Hoton da laida take fitarwa yana da kyau ƙwarai, har mutum ya ɗauka babu kuskure a cikinsa, amma yawan ɗigo daban, daidaiton matsayinsu daban. A ɗauka cewa awon bana gaba ɗaya ya goce baya da santimita 10 idan aka kwatanta shi da na bara. A bango mai tsayin mita 100 da tsawon kilomita ɗaya, wannan ɗan gocewa zai fito a lissafi a matsayin kubik mita 10,000 na dutsen da ya ɓace, kimanin lodin tifa 1,000 idan kowace tana ɗaukar kubik mita 10, alhali ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗi ba. Maganin da ake yi shi ne a nemi wuraren da aka tabbata ba su motsa ba, kamar katangar tashar jirgi ko sassan bangon da ba su canza ba, a daidaita awon biyu a kansu kafin a fara kwatantawa. Bayan haka sai a tsayar da iyaka, a ce duk canjin da bai kai kaza ba ba za a lissafa shi ba, saboda ba a iya bambanta shi da kuskuren na'ura. A awon jirgin ruwa wannan iyaka takan kasance a ma'aunin gomomin santimita, yayin da na'urar ƙasa take iya gano canjin 'yan santimitoci. Ana yawan yin wannan kwatanci da wata manhaja ta kyauta mai suna CloudCompare, wadda ita ma a Faransa aka fara rubuta ta. A ganina, duk rahoton da ya kawo adadin dutsen da ya zube ba tare da ya faɗi wannan iyaka ba, bai cancanci a gina shawara a kansa ba.

An gwada hanyar a wannan gaɓa. Masu bincike daga jami'ar Lozan ta Suwizalan tare da takwarorinsu na jami'ar Caen sun bi gaɓar da ke kewayen Dieppe da laida a cikin jirgin ruwa a watan Satumba na 2012, suka sake bin ta bayan shekara guda. A tsakanin fitar biyu, a watan Disamba na 2012, ƙasa ta zame a yammacin garin, ta wajen hanyar Pourville, inda wani babban aljihu na yashi da yumɓu da ke cikin allin ya jiƙe ya kwararo zuwa bakin ruwa, har aka kwashe mutane daga gidajen da ke sama. Samun siffar gaɓa kafin irin wannan abu da bayansa shi ne babban amfanin awon, domin ana iya cire wannan daga wancan a ga inda ƙasa ta tafi da yawan da ta tafi. A Cap d'Ailly kuma, yamma da Dieppe, inda yashi da yumɓu suke zaune a kan allin, zaizayar ba faɗuwar dutse kaɗai ba ce, har da zamewa mataki-mataki da take cin tudu tana komawa baya, kuma wannan bambanci na yadda kowane sashe yake lalacewa yana fitowa a fili idan an ga fuskar bangon gaba ɗaya a jere.

Duk da haka jirgin ruwa yana da nasa makanta. Idan teku ta janye, shimfiɗar dutsen da ke gaban bangon takan fito fili har ɗaruruwan mitoci, jirgi ba ya iya matsowa, kuma nisa yana ƙara kuskure. Idan teku ta cika jirgi ya matso, ruwa ya riga ya rufe gindin bangon, wurin da aka fi son gani. Hasken da yawancin waɗannan na'urori suke amfani da shi ba ya ratsa ruwa, ruwan yana shanye shi ne, har dutse mai jiƙa ma yakan maido da shi da rauni. Don ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa sai an haɗa da na'urar amsa-kuwwa, wadda take aika sauti zuwa ƙasan teku ta saurari dawowarsa. Masu dabara sukan auna ƙasan teku da sauti a lokacin cika, su auna bango da leza a lokacin janyewa, domin awon biyu su haɗu a tsakiya kada a bar gurbi. Sannan daga cikin jirgi ba a ganin saman tudu ko kaɗan, alhali tsagar da take buɗewa a cikin ciyawa 'yan mitoci bayan bakin gaɓa tana daga cikin alamun da suka fi nuna cewa babban sashe yana shirin rabuwa. Wannan sai jirgi maras matuƙi, ko mutum da ƙafarsa. Ga kuma sharaɗin yanayi: ana bukatar teku mai kwanciya, ita kuwa gaɓa ta fi zubewa da hunturu, lokacin da ruwan sama ya yi yawa, teku ta yi fushi, ƙaramin jirgi ba ya fita.

Wannan batu na lokaci ya fi na santimita nauyi. Awon da ake yi sau ɗaya a shekara yana nuna jimillar abin da ya faru ne, ba ya nuna yadda ya faru. Ramin da aka gani a jikin bango yana iya zama faɗuwa guda babba, yana iya zama ƙananan faɗuwa ashirin da suka biyo juna a wuri ɗaya. Tarin ɓaraguzan da ya zubo ma, wanda yake kare gindin bangon na ɗan lokaci, igiya tana iya kwashe wani ɓangare nasa kafin jirgi ya dawo. Masu bincike na jami'ar Durham a Ingila, waɗanda suka daɗe suna auna gaɓar Yorkshire da laidar ƙasa, sun kafa na'ura a garin Whitby tana auna bango ɗaya kusan kowace sa'a na tsawon watanni, suka ga cewa yawan ƙananan faɗuwa ya ninka abin da awo mai tazara yake nunawa. Aikinsu na baya ya kuma nuna cewa sau da yawa ƙananan duwatsu sukan yi ta zubowa daga wani sashe kafin babban ya biyo. Idan akwai gargaɗi, a cikin waɗannan ƙananan faɗuwa yake, kuma su ne awon jirgin ruwa ya fi saurin rasawa, saboda ƙanƙantarsu da kuma tazarar da ke tsakanin fita da fita. Abin da jirgi ya iya shi ne ya bi gaɓa mai tsawo ya nuna sassan da suka fi motsi, domin a san inda za a kai na'urar da ta fi shi ido.

Ba kowace gaɓa ce ta dace da wannan hanya ba. Gaɓar Afirka ta Yamma, daga Keta a Gana zuwa Lome da Kwatano da Legas, tana fama da zaizaya mai tsanani, amma mafi yawanta rairayi ne a kwance, ga igiya mai ƙarfi da take fashewa a bakin ruwa. Hasken da aka harbo daga jirgi yana shafar irin wannan gaɓa ne a kaikaice, ba ya ganin abin da ke bayan tudun rairayin farko, don haka hoton tauraron ɗan'adam da jirgi maras matuƙi sun fi amfani a can. Inda jirgin ruwa yake da rana shi ne duk wurin da ƙasa ta tsaya tsaye a gaban ruwa mai kwanciya: katangun tashar jiragen ruwa, bakin tafkin madatsa, da gaɓar kogi da ruwa yake ci ta gindi. Masu bincike a Finlan sun fara gwada laida a kan kwale-kwale a kogunan arewacin ƙasarsu tun ƙarshen shekarun 2000.

A Faransa dai awon ya wuce sha'awar masana, ya shiga maganar dukiya da doka. A Criel-sur-Mer, gabas da Dieppe, hukuma ta karɓi wasu gidaje da ke bakin gaɓa ta biya diyya ta rushe su, bisa wata doka ta 1995 da ta kafa asusun biyan waɗanda bala'in ƙasa yake barazana ga rayukansu. Dokar yanayi ta watan Agusta na 2021 ta ƙara gaba: garuruwan da aka sa a jerin masu fama da zaizaya, waɗanda suka fara da 126 a 2022, za su zana taswirar inda bakin gaɓa zai kai nan da shekara 30 da kuma nan da shekara 100. A yankin shekara 30 kusan an hana sabon gini, a na shekara 100 kuwa ana iya gini da sharaɗin mai shi zai ɗauki nauyin rushewa idan gaɓa ta matso. Layin da aka ja a wannan taswira yana iya ratsa tsakiyar unguwa, ya bar gidan wani a ciki, na maƙwabcinsa a waje. Bambancin santimita 15 da 20 a shekara, idan aka ja shi zuwa shekara 100, mita 5 ne kacal, amma faɗin sashen da yake iya rabuwa a faɗuwa guda yakan fi haka, kuma ya bambanta daga wannan kwari zuwa wancan gwargwadon irin allin da tsagoginsa da abin da ke kansa. Sanin wannan faɗi ga kowane sashe yana bukatar a tara tarihin faɗuwar da ta auku a fuskar bangon, da girman kowace da inda ta fara, shekara bayan shekara, kuma awon laida a wannan gaɓa bai daɗe da farawa ba idan aka kwatanta shi da shekaru ɗarin da ake neman taswirar ta hango.